Bin Sawu a Ƙoramar Tsauni

Manomin da aka yi wa ɓarna da dare ba ya ganin wanda ya yi ta. Abin da yake tararwa da sassafe shi ne karan dawa a kakkarye, wake a tattake, sai kuma sawu a kan kunya. Daga nan yake fara karatunsa. Sai ya durƙusa ya duba: kofato ne ko dagi? Rababbe ne irin na saniya, ko dunƙulalle irin na jaki? Bakin sawun yana nan da kaifinsa, ko iska ta riga ta zubo ƙasa a ciki? Raɓa ce ta sauka a kansa, ko shi ne ya taka raɓar? In ya ga kashi, ya sa tsinke ya tona ya ga ko da sauran ɗanyensa. Kafin hantsi ya yi, ya gama yankewa a ransa: shanu ne, ta gabas suka shigo, bayan dare ya raba. Alhali ko wutsiyar guda bai gani ba.

Mai auna lafiyar ruwa ma ɗan bin sawu ne. Cututtukan da ruwa ke kawowa suna da yawa: kwalara, taifot, atini, shawara, shan-inna, ga gudawa iri-iri da ba a ma tsayawa raɗa musu suna. Kowace ƙwaya da irin tarkon da ake kama ta da shi, wani gwajin ya ci kwanaki, wani ya ci kuɗi masu ciwo. Ko an ɗana tarkon ma, ba lalle ne ta biyo ta nan a ranar ba. Ƙwayar taifot tana iya wucewa da asuba, mai kwalba ya zo da hantsi ya ɗebi ruwa ya koma yana murna. Sai dai duk yawansu hanya ɗaya suke bi: daga cikin wani, ta bayan gida, zuwa bakin wani. Shi ya sa masana suka haƙura da farautarsu ɗaya bayan ɗaya, suka koma neman alamar cewa najasa ta taɓa ruwan.

Alamar ta samu ne daga wurin da ba a zata ba. A 1885 wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, yana nazarin kashin jarirai a birnin Munich, ya bayyana wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a hanji. Ita ce daga baya aka sa wa sunansa, ake ce mata E. coli. Tana cikin hanjin mutum da na dabbobi masu ɗumin jini, miliyoyinta ke fita a kowane gram na kashi, kuma akasarin irinta ba sa cutarwa, ko da yake akwai 'yan tsirarun da ke kisa. Yawanta da sauƙin renonta su ne suka ba ta wannan aiki. A 1914 gwamnatin Amurka ta kafa ma'aunin ruwan da ake ba fasinjoji a jiragen ƙasa da na ruwa masu ƙetara jihohi, ta gina shi a kan ƙirga wannan ƙwaya da danginta. Yau ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya gajeriya ce: kada a sami E. coli ko guda a cikin mililita 100 na ruwan sha. Ruwan wanka da iyo an yi masa sassauci. A Amurka matsakaicin da aka yarda da shi a ruwan daɗi shi ne 126 a cikin mililita 100.

Aikin kansa yana da ban sha'awa in ka tsaya kusa. Mai ɗibar ruwa yakan fuskanci inda ruwan ke fitowa, don kada abin da ƙafarsa ta tayar ya shiga kwalbar. Kwalbar an riga an kashe duk wata ƙwaya da ke cikinta, ba ya buɗe ta sai a bakin ruwan, ba ya kuma taɓa cikin murfin. Zai nutsa ta ƙasa da saman ruwa kaɗan, ya rufe, ya rubuta wuri da lokaci, ya tura cikin akwatin ƙanƙara. Daga nan tsere ne da agogo, domin ana so ruwan rafi ya isa ɗakin gwaji cikin kamar awa 6, abin da ba wasa ba ne ga wanda ya hau tsauni da ƙafa. A can za a tsotse ruwan ta cikin wata 'yar farar takardar tacewa mai ramuka ƙanana, faɗin kowanne maikiron 0.45, ruwa ya wuce, bakteriya su maƙale. A ɗora takardar a kan ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin, a sa a akwatin ɗumi kwana guda. Washegari kowace ƙwaya mai rai ta hayayyafa ta zama ɗigon da ido ke gani. A wani irin abincin ɗigon ja ne mai sheƙin kore, a wani kuma shuɗi. Sai a sunkuya a ƙirga. Akwai kuma sabuwar hanya mai sauƙi, irin ta Colilert: a zuba hoda a cikin ruwan a ajiye, in ya koma rawaya akwai dangin kolifom, in kuma ya yi walƙiya a ƙarƙashin fitilar ultarabayolet, to E. coli ce da kanta.

Sawu dai suna suka tara. Akwai wanda bai nuna komai ba illa cewa wani abu mai ƙafa ya bi ta nan, wataƙila ma akuyar mai gonar ce. Wannan shi ne matsayin jimillar kolifom, babban dangin da ake reno a zafin digiri 35 zuwa 37, wanda da yawa daga cikinsu a ƙasa da jikin tsirrai suke rayuwa, ba su taɓa ganin hanji ba. In aka ɗaga zafin zuwa 44.5, akasarin 'yan ƙasar sai su kasa, a bar masu jure zafi, waɗanda suka fi kusa da najasa. E. coli ita ce kofaton da ya fito sarai. Ana kuma duba wasu da ake kira enterokokai, waɗanda suka fi ta daɗewa a waje, irin tsohon sawun da ya bushe a cikin laka.

To, me ya kai wannan aiki kan tsaunuka, inda ruwa ke gangarowa daga dusar ƙanƙara, garai-garai, kana ƙirga tsakuwar da ke ƙarƙashinsa? Garai-garai ɗin ne matsalar. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a nan ƙimar ta kuɓuce masa, domin ruwa na iya ɗaukar dubban bakteriya a kowane kurɓi bai sauya kama ba. Sanyin da ke sa mai ƙishi ya amince da shi kuwa, shi ne ke tsawaita ran ƙwayoyin, E. coli ta fi daɗewa a ruwan sanyi fiye da na ɗumi. Gaskiya ne hasken rana a can sama yana da ƙarfi, yana kashe waɗanda ke kusa da saman ruwa, amma waɗanda suka kwanta cikin lakar gindin rafi suna nan lafiya lau har ranar da wani abu ya dama ta. Ga shi kuma garuruwa da dama a duniya daga irin waɗannan ƙoramu suke sha, wasu ma da ɗan tacewa kaɗan, don sun yarda da tsaunin.

Labarin da na fi so a wannan fage ya faru ne a jihar Montana ta Amurka. Garin Bozeman yana shan ruwa daga kwaruruka biyu maƙwabtan juna a cikin tsaunuka. Ɗaya, mai suna Mystic, an rufe shi a 1917, aka hana jama'a shiga don a kare ruwan. Ɗayan, Hyalite, a buɗe yake, masu yawon buɗe ido suna shiga suna kwana suna kamun kifi. Kowa zai rantse ruwan rufaffen ya fi tsabta. Da masu bincike na Jami'ar Jihar Montana suka auna a 1968 da 1969, sai suka tarar kolifom ɗin rufaffen ya ninka na buɗaɗɗen sau huɗu zuwa shida. Da suka gwada ƙwayoyin ruwan da na kashin namun dajin da ke yankin, suka ga iri ɗaya ne. Abin bai tsaya nan ba. A bazarar 1970 aka ɗan buɗe kwarin Mystic ga masu shaƙatawa, aka kuma faɗaɗa saran katako, sai adadin ƙwayoyin ya faɗi maimakon ya hau. Hasashen da masu binciken suka wallafa a 1971 shi ne, zirga-zirgar mutane ce ta kori ɗimbin namun dajin da suka mai da wurin mafakarsu.

Da za a ba wani dattijon manomi wannan labari, ba na jin zai ko ɗaga kai. Ya san gonar da ke bakin hanya, wadda ake ta wucewa ta gefenta, yara ne kawai ke ɗan zarar rake ko gyaɗa. Wadda ke can ƙuryar daji, an kewaye ta da ƙaya, babu mai zuwa, ita ce birai da gadu ke yin biki a cikinta. Shingen ya hana mutum, ya kuma yi wa biri albishir cewa babu mai kora.

Kada wani ya ɗauki wannan ya ce ashe a buɗe ko'ina kowa ya shiga. Shekaru sama da talatin bayan haka, wani likita a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Robert Derlet, tare da abokin aikinsa James Carlson, sun bi tafkuna da ƙoramun tsaunukan Sierra Nevada suna ɗibar ruwa, suka rarraba wuraren gwargwadon wanda ke amfani da su. A sakamakon da suka fitar a 2006, cikin wurare 15 da matafiya masu goyon jaka ke bi, guda ɗaya ne kacal aka sami kolifom. Cikin 15 da dawaki da alfadarai masu dakon kaya ke yawan bi, an samu a 12. Wurare 15 da ke ƙasa da makiyayar shanu kuwa, duka an samu. Ni ban ga saɓani tsakanin wannan da na Bozeman ba. Ruwa ba ya tambayar ko dabbar ta gida ce ko ta daji. Lissafinsa shi ne yawan kashin da kusancinsa da gaɓa. Babbar saniya tana zubar da fiye da kilo 20 a rana, kuma ta fi son ta yi shi tana tsaye a mashaya. Abin da mutum ke fitarwa bai kai rabin kilo ba, matafiyin kirki kuma yakan yi nesa da ruwa ya tona rami. Amma inda mutane suka yi cincirindo, su ma sun isa. A tsaunin Everest na Nefal, sanyi ba ya barin bayan gida ya ruɓe, abin ya taru har hukumar yankin ta wajabta wa masu hawa, daga 2024, su riƙa sauko da nasu a cikin leda.

Nan ne aka zo wurin da sawu ke jawo rigima. Ganin kofato abu ne mai sauƙi, cewa "shanun wane ne" shi ne mai wuya, kuma shi ne ake biyan diyya a kansa. Duk wanda ya taɓa zama a zauren dagaci da kaka ya san yadda ake yi. Manomi ya ce, "Ranka ya daɗe, sawun nan har bakin rugarsu ya kai." Ardo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, burtali ne, garke nawa ne suka bi shi jiya?" Dukansu kuma suna iya zama masu gaskiya. E. coli ta mutum da ta saniya da ta barewa duk ɗigo iri ɗaya suke yi a faranti. A ƙarshen shekarun 1960 wani masani, Edwin Geldreich, ya kawo dabara: a raba adadin kolifom masu jure zafi da adadin dangin enterokokai, in amsar ta haura 4 najasar mutum ce, in ta gaza 0.7 ta dabba ce. Dabarar ta yi farin jini, don kowa na son lissafin da zai nuna mai laifi. Daga baya aka gane ƙwayoyin biyu ba tare suke mutuwa ba, saboda haka amsar tana sauyawa gwargwadon daɗewarsu a ruwa, najasar da ta karanta "mutum" yau tana iya karanta "dabba" jibi. Aka yi watsi da ita. Allah kaɗai ya san sau nawa aka bar jaki aka daki taiki kafin nan. Sai a shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Jihar Oregon, Anne Bernhard da Katharine Field, suka nuna cewa wata bakteriyar hanji mai suna Bacteroides tana da tambarin ƙwayar halitta da ya bambanta tsakanin mutum da dabbobi masu tuƙa. Wannan ya fi kusa da bin sawu har ƙofar gida, sai dai yana buƙatar na'urori da kuɗi, kuma tambarin yana iya saura bayan ƙwayar ta mutu.

Akwai kuma sawun da babu ɓarawo a bayansa. A shekarun 1970, Gordon McFeters da abokan aikinsa sun yi nazarin ruwan can ƙololuwar gandun Grand Teton a jihar Wyoming, suka kuma nuna cewa wasu kolifom na iya hayayyafa da ɗan abincin da gansakuka ke fitarwa a ruwa. Wato adadi na iya hawa ba tare da wani ya tsuguna ba. A ƙasashe masu zafi abin ya fi haka. A ƙarshen shekarun 1980 an sami E. coli a dajin tsaunukan Puerto Rico, har a cikin ruwan da ke taruwa a ganyen tsirran da ke maƙale a saman bishiyoyi. A Hawaii, Roger Fujioka ya daɗe yana nuna cewa ƙwayoyin nan suna zaune a cikin ƙasar tsibiran suna kwarara rafuka, har jihar ta ƙara da auna wata ƙwayar, Clostridium perfringens, don ta raba gardama. Wannan ya shafe mu kai tsaye. An gina ma'aunin ne a ƙasashen sanyi, mu kuwa tsaunukanmu, daga Mambila da Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419 zuwa tudun Jos inda kogin Kaduna da na Gongola suka faro, a yankin zafi suke, kuma shanu na kiwo har samansu. Mai gwaji a irin waɗannan wurare sai ya haɗa adadin da sanin ƙasar kafin ya ɗora wa wani laifi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne akasin haka: ɓarna babu sawu. Ɓarawon da ya bi ta kan fa ba ya barin alama, jan-baki kuma sukan cinye gero ƙafarsu ba ta taɓa kunya ba. Jiyadiya da kirifto, wasu halittu ne da suka fi bakteriya girma, suna fita daga hanji a cikin ƙwanso mai tauri, suna iya yin watanni a ruwan sanyi bayan E. coli ɗin da suka taho tare ta daɗe da mutuwa. Kirifto ta yi yawa a kashin 'yan maruƙa, kuma sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan famfo ba ya yi mata komai. A 1993 ta kwantar da mutane kimanin 400,000 a birnin Milwaukee, ta ruwan da ya bi ta matatar gari. Wasu ƙwayoyin bairos ma sun fi E. coli juriya. Saboda haka amsoshin gwajin biyu ba nauyinsu ɗaya ba. In an ce "an samu", ka yarda ka ɗauki mataki, don ruwa ba ya tsami banza. In an ce "ba a samu ba", abin da aka gaya maka kawai shi ne mililita 100 ɗin nan, a wannan sa'ar, ba su da ita.

A wuri ɗaya ne misalin gona ya gaza, kuma wurin yana da muhimmanci. Sawun gona yana zaune yana jiran mai shi har gari ya waye, ruwan sama ne ke goge shi. Na ƙorama tafiya yake yi, ruwan sama kuma shi ne ke kawo shi. Kashin da ya yi watanni a bushe a kan gangare, ruwan farko ko narkewar dusar ƙanƙara ke wanko shi gaba ɗaya, ya kuma dama lakar da ke ƙasa, adadi ya ninka sau goma ko ɗari cikin 'yan awoyi, jibi ya koma kamar ba a yi ba. Matsalar ita ce ranar da ya fi kamata a ɗebi ruwa ita ce ranar da hanyar tsauni ta fi santsi, ma'aikaci ya fi son zama a ofis. Rahoton da aka tara daga ranakun da gari ya yi wasai kawai, rahoton ranakun lafiya ne, kuma ba a ranakun ne yara ke kwanciya ba.

Shi ya sa tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karkata ga cewa a riƙa bin ruwa tun daga tushensa har bakin mai sha, ana duba inda haɗari zai iya shiga, gwajin kwalba ya zama mai tabbatarwa kawai. A ganina wannan shi ne daidai, kuma shi ne ya fi arha. Mutum ya sa takalmi ya bi ƙoramar sama: ina mashayar shanu take, ina aka haƙa masai, ina mushe ya faɗa, ina masu zango ke kewayawa. Duk hukumar da za ta ja wa jama'a ruwa daga tsauni, ta auna shi da rani, ta auna da damina, ta kuma tura mutum washegarin ruwan farko, sannan ta ware wa dabbobi mashaya a ƙasa da inda ake jan ruwan.

Kai kuma mai karatu, in tafiya ta kai ka irin waɗannan wurare, kada kyan ruwan ya sa ka kafa kai. Tafasa shi. A ƙasa, minti ɗaya yana ɓararraka ya isa, amma a tsawon mita 2,000 ruwa na tafasa ne tun a wajen digiri 93, don haka hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce daga nan zuwa sama a bar shi minti uku.